Mutumin da Ya Ƙulla Gaba da Ƙaho

Ƙundumi ake ce masa. Waɗanda suka tare a unguwar daga baya sun ɗauka saboda sanƙonsa ne, don tun bai kai arba'in ba gashi ya yi masa sallama, kansa ya koma sumul kamar bayan cokali. Amma sunan daga garkensa ya fito. Ƙundumi shi ne sa marar ƙaho, shi kuwa mutumin nan ya ƙarar da ƙarfinsa kaf wajen neman ganin ba a sake haihuwar maraƙi mai ƙaho a cikin shanunsa ba.

Gidansa yana can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare, hanyar ƙasa ta ɗauka. Ɗaki biyu ne da rumfar kwano, sai shingen shanu a baya, da rijiya. Shanun gado ne daga mahaifinsa, ba su da yawa, amma suna da nono. Shi ke yankan ciyawa da kai madara gari a kan babur, matarsa ke tatsa. 'Yarsu ɗaya, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, don haka suke kiranta Auta. Shi yakan ce wa matar Maman Auta, ita kuma ta ce masa Baban Auta. Doguwar mace ce mai yawan dariya, ta fi shi tsawo, takan ce ita kaɗai ta san ranar da sanƙon ya fara, don ita ke kallonsa daga sama.

Abin da ya sauya masa rayuwa da safe ya faru, Auta tana shekarar farko a makaranta. Akwai wata tsohuwar saniya baƙa, mai sanyin hali, wadda ko igiya ba a ɗaure mata wajen tatsa. Maman Auta ta gama da ita, ta sunkuya ta gabanta za ta janye kwanon dusa, sai ƙuda ya ciji saniyar a wuya. Ta kaɗa kai don ta kore shi. Tsinin ƙahon ya sami Maman Auta a idon hagu.

Ƙundumi yana bakin rijiya ya ji wata 'yar ƙara, ba ma mai ƙarfi ba. Da ya iso ya tarar da matarsa a zaune a ƙasa, ta rufe fuska da hannu biyu, jini yana bin gwiwar hannunta. Bokitin madara yana nan a tsaye, ko ɗigo bai zube ba. Saniyar kuwa tana ta tuƙarta.

A asibiti aka cire idon. Da suka dawo gida ya rasa wanda zai yi fushi da shi. Ba a bar ƙofa a buɗe ba, ba wanda ya yi sakaci, saniyar ma ba da nufi ta yi ba. Duk da haka ya kai ta kasuwa ya sayar. Maman Auta ba ta ji daɗi ba.

"Me ta yi maka?" in ji ta. "Ƙuda ta kora. Ni ce na kai fuskata."

Amma daga ranar, in ya shiga shinge ba ya ganin shanu, ƙahoni yake gani, suna kaɗawa daidai tsayin fuskar mutum.

Akwai likitan dabbobi da ke zagayowa unguwar, wani siriri mai tabarau, wanda koyaushe rigarsa ke warin maganin kaska. Shi ya fara ba shi shawarar a riƙa ƙona tushen ƙahon tun maraƙi yana ƙarami. Suka gwada. Aka danne 'yan maruƙa, aka ɗora musu jan ƙarfe a ka. Ƙaurin gashi da kukansu ya hana Ƙundumi cin abinci ranar, ɗaya daga cikin maruƙan kuma ciwon ya yi tsutsa, da ƙyar ya rayu.

"Likita, haka za mu riƙa yi duk shekara?"

"Duk shekara. Ƙarfe kan maraƙi yake gyarawa, ba ya shiga jini. Wannan da muka ƙona, in ta girma mai ƙaho za ta haifa."

"To babu yadda za a cire shi daga jinin?"

Likita ya dube shi ta saman tabarau. Daga baya ya sha faɗa cewa da ya san abin da amsarsa za ta jawo, da ya ce babu, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Amma mutum ne mai son bayani, ga shi an yi masa tambayar da ya san amsarta. Ya tsuguna, ya tsinci tsakuwa farare da baƙaƙe.

Ya ce kowane maraƙi ƙwayar gado biyu yake ɗauka a kan maganar ƙaho, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Baƙar tsakuwa ita ce ta ƙaho, fara ita ce ta rashin ƙaho. Farar ta fi ƙarfi: in ta haɗu da baƙa sai ta danne ta, maraƙi ya fito ƙundumi, amma baƙar tana nan kwance a jikinsa, zai iya miƙa wa 'ya'yansa. Ƙaho ba ya fitowa sai baƙa biyu sun haɗu.

Ya zana akwati a ƙasa da murfin allura, ya raba shi gida huɗu kamar taga. Ya jera fara da baƙa a sama, ya ce wannan uba ne, ya jera fara da baƙa a gefe, ya ce wannan uwa ce, dukansu ba su da ƙaho amma suna ɓoye da shi. Ya cika gidajen. Gida ɗaya fara biyu, gida biyu fara da baƙa, gida ɗaya baƙa biyu.

"Ka gani? Uku ba ƙaho, ɗaya mai ƙaho. Amma cikin ukun nan ɗaya ne kawai tsarkakakke. Biyun ɓoyayyu ne, kuma ido ba ya bambanta su."

"Wato in saniya ta haihu sau huɗu, ɗaya zai zo da ƙaho."

"A'a. Wannan ba alkawari ba ne, Baban Auta. Kowace haihuwa sabon jifa ne. Za ta iya haifa maka masu ƙaho huɗu a jere, za ta iya ƙarewa ba ta haifi ko ɗaya ba. Lissafin sai a garke mai yawa yake fitowa daidai. Naka kuwa kaɗan ne, kuma saniya ɗa ɗaya take ba ka a shekara, in ta ga dama."

Ƙundumi bai ji wannan ƙarshen sosai ba. Idonsa yana kan gidan nan mai fara biyu. Da likita ya tafi, ya kwashe tsakuwar ya zuba a aljihu.

Ya sayar da shanu biyu mafi nono, ya yi tafiya mai nisa ya sayo bijimi ƙundumi daga wata gona. Maƙwabta suka taru kallo, wani ya ce wannan sa ne ko jaki mai tozo. Shekara ta zagayo aka fara haihuwa, kusan rabin maruƙan suka fito da ƙaho. Likita ya ce to, bijimin ɓoyayye ne, fara da baƙa gare shi. Waɗanda suka fito ba ƙaho su ma duk ɓoyayyu ne, tun da iyayensu mata masu ƙaho ne, baƙar tsakuwa kaɗai suke da ita da za su bayar.

Sai ya shiga jira. Karsana sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta ɗauki ciki, ciki ya yi wata tara, sannan a sake jiran makonni kafin a san abin da ke kan maraƙin. Duk safiya yakan bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafa kawunansu da babban yatsa, yana neman ɗan tudun nan mai tauri a ƙarƙashin gashi. In ya ji shi, maraƙin ya zama na kasuwa, ko da uwarsa ce ta fi kowa nono. In bai ji ba, ya ajiye, ko da ramamme ne mai zawo.

Ta nan garken ya fara lalacewa. Bijimi yana hawan 'ya'yansa, jini ya yi kusa da yawa, maruƙa suna zuwa ƙanana, wasu ba sa kai yaye. Madarar da a da take cika jarkoki ta koma rabi. Wani mai shago da ya daɗe yana karɓar madararsa ya koma wajen wani. Maman Auta tana gani da idonta ɗaya, takan yi magana cikin wasa.

"Shanun nan naka sun yi kama da kai yanzu. In ka tsaya a tsakiyarsu ban san wanda zan tatsa ba."

Yakan yi murmushi, ya ce saura kaɗan.

Ita ta riga ta saba. Tana ɗaura ɗankwali ta sauko da shi gefe guda, ta koyi zuba ruwa a kofi ba tare da ta zubar ba, ta koyi juyar da kai gaba ɗaya in an kira ta ta hagu. Ba ta taɓa jin tsoron shanu ba, masu ƙaho ko marasa shi. Abin da ta rasa shi ne mijin da a da yake zama su yi hira bayan la'asar. Yanzu in ya zauna, tsakuwa yake jerawa a kan tabarma yana magana shi kaɗai. Ranar da Auta ta gama makaranta bai je ba, wata karsana tana naƙuda. Ranar da ta tare gidan mijinta a babban birni, ya raka su tasha ya juyo.

Cikin jikokin bijimin farko ya zaɓi wani ɗan sa ja, mai faɗin ƙirji, ya raine shi kamar ɗa. Likita ya ce hanya ɗaya ce ta sanin ko tsarkakakke ne: a haɗa shi da shanu masu ƙaho. In ɓoyayye ne, rabin 'ya'yan za su tona shi. In duk suka fito ba ƙaho, to akwai alama. Ƙundumi ya riga ya sayar da masu ƙahonsa, don haka ya bi maƙwabta yana roƙo su kawo nasu a yi musu baye kyauta. Wasu suka kawo, wasu suka ce su ba sa son jikokin jaki. Maruƙan da aka samu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Duk suka fito sumul.

"Alama ce mai kyau," in ji Likita, "amma sun yi kaɗan. Mutum yana iya jefa kwabo sau huɗu ya faɗi fuska ɗaya."

Ƙundumi ya ce ya ji. A ransa kuwa ya gama yanke hukunci. In jan sa fara biyu gare shi, to duk abin da ya haifa ba zai yi ƙaho ba, ko me uwar ta ɓoye. Ya sayar da tsohon bijimin, ya sakar wa jan garke.

A shekarar ne Auta ta zo ganin gida, ta lura uwarta tana buge kafaɗa da ƙyauren ɗaki, tana laluben kofin da ke gefenta. Ta tsare ta da tambaya. Maman Auta ta ce ba komai, kawai dai ganin ne yake tsukewa, kamar tana leƙen duniya ta cikin bututu, wani lokaci kuma idon ya yi nauyi.

"Baba, ido ɗaya gare ta," in ji Auta. "Ku zo birni a duba ta. Akwai asibitin ido kusa da mu."

"Za mu zo. Bari shanun nan su haihu. Wa zan bar wa su da ciki? In na ga kan maruƙan bana, na gama. Ni da kaina zan kawo ta, mu zauna ko wata ne."

Auta ta ce to ta tafi da ita yanzu. Maman Auta ce ta ƙi, ta ce wa zai yi tatsa, babanki in ya kama nonon saniya kamar yana kwance dunƙulen igiya. Suka yi dariya, aka bar maganar.

Haihuwa ta zo. Makonni suna wucewa, Ƙundumi yana shafa kawuna, ba ya jin komai. Ya fara cin abinci da yawa, har wata rana aka ji shi yana fito a bakin rijiya. Akwai wata 'yar maraƙa ta ƙarshe da uwarta ta ƙi shayarwa, Maman Auta ta ɗauke ta ta kai bayan ɗakin girki tana ba ta madara a kwalba. Ita bai cika dubawa ba, don duk lokacin da ya nufi wajen sai matar ta ce barci take, ko ta aike shi wani abu.

Wata safiya ya je neman igiya a bayan ɗakin girkin. Maraƙar ta taso tana tsotsar gefen rigarsa, ya kai hannu kanta don sabo. Tudu biyu, masu tauri, har tsinin ya fara huda fata.

Ya daɗe a tsaye da hannunsa a wurin. Sannan ya zagayo ya sami matarsa tana wanke bokiti.

"Maman Auta, kin san abin da ke kan maraƙar nan?"

Ba ta ɗago ba. "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a gani. Ni da hannu nake gani yanzu, ai ka sani. Na roƙi Likita ya ƙona shi ba da saninka ba, ya ce ba zai iya yi maka haka ba."

"Don me za ki ɓoye mini?"

Ta ajiye bokitin, ta goge hannu da zani, ta juyo da fuskarta gaba ɗaya don ta same shi a cikin ɗan abin da ya rage mata na gani.

"Don ka ce in ka gama za mu tafi. Na so ka gama. Baban Auta, ni ban taɓa ce maka ka cire wa shanu ƙaho ba. Saniyar nan ido ɗaya ta ɗauke mini, a safiya ɗaya, na warke na ci gaba da harkata. Sauran abin da na rasa ba ita ta ɗauka ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta koma kan bokitinta. Shi kuwa ya shiga shinge ya zauna a kan kwamin dusa, jan sa yana hura masa numfashi a wuya, har rana ta take.

Da yamma ya ce mata gobe za su tafi. Da gaske yake. Amma da gari ya waye sai ya tuna ba a yi wa maruƙa allurar riga-kafi ba, bayan allura kuma wanda ya yi alkawarin riƙe masa garke ya yi tafiya. Ya ce tun da an jira, bari ya rabu da jan sa tukuna, kada ya sake hawan shanun. Da ya rabu da shi, sai aka ba shi labarin wani bijimi a wata gona da aka ce ubansa da kakansa ba su taɓa haifar mai ƙaho ba, ya ce zai je ya gani kawai ya dawo. Ba ranar da ya ce ya fasa tafiya birni. Kowane jinkiri ɗan ƙarami ne, kuma da dalilinsa. Maman Auta ba ta sake tayar da maganar ba. Haka damina ta shiga ta fita.

Ranar da ta zuba tafasasshiyar madara a ƙafarta don ba ta ga bakin tukunya ba, ranar ya kira Auta a waya, ya ɗauki shatar mota.

Likitar idon wata matashiya ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba. Ta haska, ta auna, ta daɗe tana rubutu. Ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a hankali. Abin da ya ci ya ci, ba ya dawowa. Ta ce da an zo da wuri, da maganin ɗigawa kawai zai iya riƙe shi shekaru. Ta faɗa tana kallon takarda, ba ta dubi kowa ba. Auta ta fita waje. Ƙundumi ya tambaya ko akwai aikin da za a yi, ko nawa ne, zai sayar da shanu. Likitar ta ce za su yi ƙoƙari su tsare ɗan hasken da ya saura. Hasken bai kai ƙarshen shekara ba.

Ya koma gida shi kaɗai ya sayar da garken. Masu kiwo suka zo suka duba, suka ga shanu ƙanana marasa nono, suka wuce. Mahauci ne ya kwashe su, ya bi su yana matsa cinya da gadon baya, ko sau ɗaya bai kalli kawunansu ba. Likitan dabbobin ya zo ranar da ake loda su a mota, shi ma ya tsufa, ya daina hawa babur. Suka tsaya gefe ɗaya suna kallon lodin. Da motar ta tashi Likita ya ce, "Ka gaishe ta." Ƙundumi ya ce za ta ji.

Yanzu suna zaune a ɗaki ɗaya da 'yar baranda a bayan gidan surukinsu, kusa da shagon masu walda. Shi ke yi mata komai. Ya koyi dafa shayi yadda take so, ya koyi tsefe mata kai, duk da takan ce mai sanƙo bai san zafin jan gashi ba. In za su asibiti yana gaba tana dafe da kafaɗarsa, da yake ta fi shi tsawo abin ya zo daidai. A unguwar ba wanda ya san shi da Ƙundumi, Baba kawai ake ce masa.

Auta ta daɗe ba ta yi masa doguwar magana ba. Takan gaishe shi da ladabi, ta ajiye abinci, ta shige wajen uwarta. Bai taɓa neman ta saurari uzurinsa ba. Maman Auta ce takan ce mata, "Ki zauna ki yi hira da babanki, ba shi da kowa a garin nan." Wani lokaci ta zauna, su yi maganar tsadar kaya da ƙarar injin walda, har shiru ya yi yawa ta tashi.

Har yanzu da asuba suke farkawa su biyun, ba abin da za su yi. Yakan fitar mata da kujera baranda, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, suna jin motoci suna fara wucewa. In sanyi ya yi yawa ta ce ya ɗauko mata mayafi, ya tashi ya ɗauko.